Dala ɗaya ta dawo da 141? Nazarin yadda aka auna amfanin aikin karanta jinom ɗin ɗan Adam

A ranar 12 ga Fabrairun 2013, cikin jawabin da shugaban Amurka kan gabatar wa majalisar dokoki a farkon shekara, Barack Obama ya ce kowace dala ɗaya da ƙasar ta zuba wajen zana taswirar jinom ɗin ɗan Adam ta dawo wa tattalin arziki da dala 140. Maganar ta zo a kan gaɓa. Saura makonni kaɗan a fara zaftare kasafin hukumomin tarayya, kuma da zaftarewar ta zo a watan Maris, hukumar NIH, wadda ke ɗaukar nauyin mafi yawan binciken lafiya na gwamnati, ta rasa kimanin kashi 5 cikin ɗari na kuɗinta. Masu kare kimiyya suna neman lambar da za su dogara da ita a gaban 'yan majalisa, sai ga ta ta samu. Tun daga nan take yawo a jaridu da jawabai.

Ina cikin waɗanda suka yarda cewa aikin ya cancanci abin da aka kashe masa. Shi ya sa ma lambar take damuna. Aiki mai kyau idan aka kare shi da lissafi mai rauni, ranar da wani ya bankaɗo raunin, aikin ne zai sha kunyar. Wannan lamari ya tattaro kusan duk matsalolin da ake cin karo da su idan ana son sanin me manufar bincike da fasaha ta haifar wa jama'a, kuma a cikinsa ne aka sami ɗaya daga cikin mafi tsabtar amsoshin da aka taɓa bayarwa.

Aikin da aka yi

Jinom shi ne dukkan rubutun gado da ke cikin ƙwayar halittar mutum: haruffan DNA kimanin biliyan 3, an jera su daga haruffa huɗu kacal, A da C da G da T. An ƙaddamar da aikin karanta su a hukumance a watan Oktoban 1990, ƙarƙashin NIH da Ma'aikatar Makamashi ta Amurka, aka ɗiba masa shekara 15. Cibiyoyi 20 ne suka yi aikin a ƙasashe shida, wato Amurka da Birtaniya da Faransa da Jamus da Japan da Sin. An sanar da daftarin farko a fadar White House ranar 26 ga Yunin 2000, aka ce an kammala a watan Afrilun 2003. Ragowar kimanin kashi 8 cikin ɗari, sassa masu wuyar karatu, sai a 2022 aka cike su.

Akwai shawarwari biyu da aka yanke tun da wuri waɗanda za su taso daga baya. Na farko, a taron da shugabannin cibiyoyin suka yi a tsibirin Bermuda a watan Fabrairun 1996, sun amince cewa duk jerin haruffan da aka karanta za a zuba shi a rumbun bayanai na kowa da kowa cikin awa 24, ba tare da wani sharaɗi ba. Na biyu, James Watson, shugaban aikin na farko a NIH, ya sa an ware kashi 3 cikin ɗari na kasafin, daga baya aka ɗaga zuwa 5, don nazarin abin da wannan ilimi zai jawo ta fuskar ɗa'a da shari'a da zamantakewa.

Inda 141 ta fito

A watan Mayun 2011 cibiyar Battelle da ke jihar Ohayo ta fitar da rahoto kan tasirin aikin ga tattalin arzikin Amurka. Gidauniyar kamfanin Life Technologies ce ta biya kuɗin rahoton, kuma a lokacin kamfanin yana sayar da injinan karanta DNA ne. Wannan kaɗai bai isa a yi watsi da rahoto ba, amma mai karatu yana da haƙƙin ya sani.

Lissafin ya tafi haka. Gwamnatin tarayya ta kashe dala biliyan 3.8 daga 1988 zuwa 2003, wanda ya kama biliyan 5.6 a darajar dalar 2010. A ɗaya ɓangaren, masu rahoton suka tattara kamfanoni da cibiyoyin da ke harkar jinom a Amurka, masu ƙera injina da masu haɗa sinadarai da masu gwaje-gwaje da masu neman magunguna, suka ƙidaya ma'aikatansu da cinikinsu. Sai suka shigar da alƙaluman cikin wani tsarin lissafi mai suna IMPLAN, wanda ke bin sawun kuɗi daga hannu zuwa hannu: kamfani ya sayi kaya wurin wani kamfani, ma'aikaci ya karɓi albashi ya biya haya ya yi sayayya, wanda ya karɓa shi ma ya kashe. Da aka haɗa duka daga 1988 zuwa 2010, sai aka sami dala biliyan 796. Raba 796 da kuɗin aikin, wanda ya ɗan haura 5.6, ga 141 ta fito, wadda Obama ya taƙaita zuwa 140. Rahoton ya ƙara da cewa a 2010 kaɗai harkar ta riƙe guraben aiki 310,000, ta kuma samar wa gwamnatin tarayya harajin dala biliyan 3.7, wato kusan duk abin da aka kashe wa aikin.

Masana tattalin arziki sun nuna shakkunsu tun a lokacin, kuma dalilansu ba su buƙatar digiri kafin a gane su.

A fara da abin da aka raba da shi. Dala biliyan 796 ba daga biliyan 5.6 kaɗai ta fito ba. Masu zuba jari sun narka kuɗinsu a kamfanonin, NIH ta ci gaba da kashe biliyoyi kan binciken jinom bayan 2003, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na haruffan an karanta su ne a cibiyar Sanger da ke kusa da Kambirij a Ingila, da kuɗin gidauniyar Wellcome. An ƙidaya amfanin duk waɗannan a sama, ba a ƙidaya kuɗinsu a ƙasa ba. Battelle da kanta ta nuna girman wannan giɓi a sabon rahoton da ta fitar a 2013. A can jimillar ta kai biliyan 965, kuma idan aka raba da kuɗin aikin kaɗai, dala ɗaya ta dawo da 178. Idan kuwa aka haɗa da kuɗin da gwamnati ta ci gaba da zubawa a fannin har 2012, sai ta sauko 65. Cibiya ɗaya, hanya ɗaya, rahoto ɗaya, amsa biyu, ɗaya ta kusa ninka ɗayar sau uku. Kuma ko a 65 ɗin ba a sa jarin 'yan kasuwa ba.

Sai abin da ke sama. Jimillar ciniki ba ita ce ƙarin arziki ba. Kamfani ya sayi na'urar hasko DNA a dala dubu hamsin ya sa a injinsa, ya sayar da injin ga ɗakin gwaji, ɗakin gwajin ya sayar wa asibiti da sakamako. Kuɗin wannan na'ura yana cikin ciniki na farko, yana cikin na biyu, wani ɓangarensa yana cikin na uku. Mai tara ciniki ya ƙidaya shi fiye da sau ɗaya. Don kauce wa haka ne ma'aunin arzikin ƙasa ke ɗaukar ƙarin darajar da kowane mataki ya sa kawai.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Babban aibin irin wannan tsari shi ne yana ɗaukar kashe kuɗi a matsayin riba. Albashin masanin kimiyya tsada ce da al'umma ta biya don ta sami ilimi, amma a cikin IMPLAN tasiri ne, har ma a ninka shi. Da aikin ya ci ninki biyu na kuɗin da ya ci saboda almubazzaranci, da wannan sashe na tasirinsa ya ƙaru. Da an ɗauki kuɗin an gina gadoji, ko an bar su a aljihun masu biyan haraji, su ma da sun zaga daga hannu zuwa hannu sun samar da nasu ninkin. Haka guraben aiki. Mutanen da ke aiki a kamfanonin jinom masu manyan digiri ne a ilimin halittu da lissafi da kwamfuta, kuma da babu wannan fanni ba zaman banza za su yi ba, wani fannin za su tafi su yi wani abin amfani. Abin da rahoton ya auna shi ne girman wata masana'anta. Tambayar da 'yan majalisa ke buƙatar amsarta daban ce: me ya canja saboda gwamnati ta yi wannan aiki, wanda da ba ta yi ba da bai canja ba?

Adalci ya sa a faɗi cewa lambar tana iya yin ƙasa da gaskiya kamar yadda take iya wuce ta. Ba ta ɗauke da ran yaron da aka gano cutarsa da wuri, ba ta ɗauke da amfanin da sauran duniya ta samu kyauta daga rumbun bayanan. Rahoton ya yi bayanin irin waɗannan da kalmomi, amma ba su cikin 796. Saboda haka ba za a ce 141 ta yi yawa ko ta yi kaɗan ba. Amsar wata tambaya ce daban.

Da ba a yi ba fa?

Tarihi ya yi wa masu bincike wani gata da ba kasafai ake samu ba. A watan Mayun 1998 aka kafa kamfanin Celera ƙarƙashin Craig Venter, ya ce zai karanta jinom ɗin cikin shekara uku da kuɗin 'yan kasuwa, kimanin dala miliyan 300. Ya kuma fitar da nasa daftarin a mako ɗaya da na gwamnati, a watan Fabrairun 2001. Wannan kaɗai ya isa ya girgiza da'awar cewa ba don gwamnati ba da babu komai. Gaskiya ne Celera ta ɗora aikinta a kan hanyoyin da aka share na shekaru, kuma ta haɗa bayanan gwamnati na kyauta da nata wajen tsara daftarinta. Duk da haka, a ganina duniyar da babu aikin gwamnati ba duniya ce da ba a taɓa karanta jinom ba. Duniya ce da za a karanta shi a makare, kuma a kulle. Idan haka ne, amfanin manufar yana cikin abubuwa biyu, lokacin da aka rage da ƙofar da aka bari a buɗe. Na biyun ana iya auna shi, kuma wata masaniyar tattalin arziki, Heidi Williams, ta auna.

Ga yadda ta yi. Lokacin da aka wallafa daftarorin biyu a 2001, akwai ƙwayoyin gado (sassan jinom da kowanne ke ɗauke da umarnin wani aiki a jiki) 1,682 da Celera ce kaɗai ta karanta su. Kamfanin ya tsare su da yarjejeniya: malamin jami'a yana iya dubawa kyauta amma ba zai rarraba ba, kamfani kuwa sai ya biya kuɗin rajista, kuma duk wanda zai fitar da kayan sayarwa daga bayanan sai ya zauna da Celera. Wannan tsaro yana faɗuwa ne da zarar aikin gwamnati ya sake karanta ƙwayar ya zuba ta a rumbun kowa. Zuwa 2003 duk sun fita. Ke nan an sami rukuni biyu na ƙwayoyin gado a jikin mutum ɗaya, a zamani ɗaya, a gaban masana ɗaya. Wasu a buɗe suke tun ranar farko, wasu sun yi zaman kulle na ɗan lokaci da bai wuce shekara biyu ba.

Williams ta bi su ɗaya bayan ɗaya har 2009. Ta duba rumbun OMIM, inda ake rubuta duk binciken da ya danganta wata ƙwayar gado da wata cuta, ta duba jerin GeneTests, inda a lokacin ake lissafa gwaje-gwajen da likita zai iya aika majiyyaci ya yi. A cikin ƙwayoyin da Celera ta riƙe, kashi 3 cikin ɗari ne aka samar musu da gwaji. A cikin sauran, kashi 5.4.

Mai neman lambar da za a yi talla da ita da a nan zai tsaya. Ita ba ta tsaya ba, don ta san akwai tarko. Cibiyoyin gwamnati sun fara ne da sassan da aka riga aka san suna da alaƙa da cututtuka, don haka wataƙila abin da ya rage wa Celera tun asali bai kai sauran jan hankali ba. Sai ta sake gwadawa ta hanyoyi biyu. Ta bi kowace ƙwaya ita kaɗai cikin shekaru, ta ga yadda bincike a kanta ke canjawa lokacin da take kulle da lokacin da aka sake ta. Sannan ta ware ƙwayoyin Celera zalla, ta kwatanta waɗanda aka saki a 2002 da waɗanda suka jira har 2003, waɗanda kafin nan ba su da wani bambanci a idon masana. Sakamakon da ta wallafa a 2013 shi ne kullen ya rage bincike da samar da gwaje-gwaje da kimanin kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari. Abin da ya fi taɓa ni shi ne giɓin bai rufe ba bayan an buɗe ƙofar. Ƙwayar da ta makara shekara ɗaya tana nan a baya shekaru bayan haka, domin masana kan bi inda wasu suka riga suka share hanya, ɗalibi ya ɗauki abin da malaminsa ya fara, mai ba da tallafi ya fi sakin kuɗi inda aka riga aka ga alama.

Kashi 20 zuwa 30 ba ta da ƙarar 141. Amma ita ce za ta iya canja shawara. Tana gaya wa duk hukumar da ke biyan kuɗin bincike cewa sharaɗin sakin bayanai yana da farashi da riba da ake iya gani, kuma shawarar Bermuda ta 1996, wadda ba ta ci ko kwabo daga kasafin ba, tana cikin abubuwa mafi daraja da aikin ya yi.

Akwai ƙari da ke nuna wannan hanya ba ta bin ra'ayin mai ita. Bayan wasu shekaru Williams da Bhaven Sampat suka duba takardun mallakar ƙirƙira da aka bayar a kan ƙwayoyin gado. Sun yi amfani da cewa a ofishin bayar da takardun wasu jami'ai masu sauƙi ne wasu masu tsanani, kuma wanda takardarka ta faɗa hannunsa kusan sa'a ce. Da suka kwatanta ƙwayoyin da aka ba wa takarda da waɗanda aka hana, ba su ga wani bambanci mai nauyi a binciken da ya biyo baya ba. Mutane da yawa sun zaci akasin haka. Bambancin yana da ma'ana: takardar mallaka tana tilasta wa mai ita ya bayyana abin da ya gano, ita kuwa yarjejeniyar Celera hana ganin bayanan da sarrafa su take yi.

Wa ya karya farashin?

Ana yawan kawo faɗuwar farashin karanta DNA a matsayin ribar aikin, kuma faɗuwar abin mamaki ce. Bisa alƙaluman NHGRI, cibiyar binciken jinom ta hukumar NIH, jinom ɗaya yana cin kusan dala miliyan 100 a 2001, ya sauko kusan miliyan 10 a 2007, sannan ya rikito zuwa kusan dala 1,000 a tsakiyar shekarun 2010. Sai dai rikitowar ta fara ne a 2008, shekara biyar bayan rufe aikin, da zuwan sababbin injina. Fasahar da ta mamaye kasuwa ta fito ne daga ɗakin gwajin masana sinadarai biyu a jami'ar Kambirij, Shankar Balasubramanian da David Klenerman, waɗanda suka kafa kamfanin Solexa a 1998, kafin Illumina ta saye shi a 2007. To aikin gwamnatin Amurka ba shi da rabo ke nan? Yana da shi, babba ma. Waɗannan injina gajerun guntaye suke karantawa, kuma da wuya a iya jera guntayen sai an ɗora su a kan cikakken jinom da aka riga aka karanta. Kuma tun 2004 NHGRI ta buɗe tallafi na musamman don neman jinom na dala 1,000. Kowanne ya zama dole, babu wanda ya isa shi kaɗai. A irin wannan hali, duk wanda ya ce kaso kaza na wane ne, zaɓi ya yi, ba awo ba.

Abin da ya isa ga mutane

A taron 2000, Bill Clinton ya ce wannan ilimi zai sauya yadda ake ganowa da rigakafi da magance mafi yawan cututtukan ɗan Adam, in ma ba duka ba. A cututtukan da ƙwayar gado ɗaya ke haddasawa an ga sauyin da ido: waɗanda aka san tushensu sun tashi daga kimanin 60 a 1990 zuwa kusan 5,000 a 2013. Ga iyayen da suka yi shekaru suna yawo daga likita zuwa likita ba a san me ke damun ɗansu ba, sanin sunan cutar kaɗai sauƙi ne, ko da magani bai samu ba. A cututtukan da suka fi yawa cikin mutane kuwa, ciwon zuciya da ciwon suga da taɓin hankali, abin ya zo da jinkiri, don an tarar ɗaruruwan wurare ne a jinom kowanne ke ba da ɗan ƙaramin kaso.

Labarin ƙwayar PCSK9 ya nuna tsawon tafiyar. A 2003 masana a Faransa suka gano iyalai da wani sauyi a wannan ƙwaya ke sa maiƙon jininsu ya hau sosai. Helen Hobbs da Jonathan Cohen a birnin Dalas suka nemi akasin haka, suka samu a tsakanin baƙaƙen fatar Amurka: kimanin mutum biyu zuwa uku cikin ɗari suna ɗauke da sauyin da ke kashe aikin ƙwayar, maiƙon jininsu ya yi ƙasa, kuma a binciken da suka wallafa a 2006 haɗarin ciwon jijiyoyin zuciya ya ragu musu da kashi 88 cikin ɗari. Kamfanoni suka bi wannan sawu, aka amince da magunguna biyu a 2015. Shekara 12 ke nan, kuma a harkar magani wannan sauri ne. Mai auna tasiri a 2011 ba zai ga ko ɗaya ba. Sannan da magungunan suka fito a kan kimanin dala 14,000 a shekara, kamfanonin inshora suka yi ta hana majiyyata, har sai da aka zaftare farashin da kusan kashi 60 cikin ɗari bayan shekara uku. A lissafin ciniki, farashi mai tsada yana ƙara girman lamba. A lissafin lafiya, yana rage yawan waɗanda suka amfana.

Kuma an gano wannan ne saboda binciken Dalas ya shigar da baƙaƙen fata da yawa da gangan, abin da ba a saba yi ba. A 2009, kashi 96 cikin ɗari na mutanen da aka yi manyan binciken jinom a kansu 'yan asalin Turai ne. A 2016 an sauko 81, kuma mafi yawan sauyin daga Asiya ya zo, 'yan asalin Afirka kimanin kashi 3 ne kacal, alhali a Afirka ne bambancin gadon ɗan Adam ya fi yawa. Illar a bayyane take: ma'aunan da ake hasashen haɗarin cuta da su sun fi dacewa ga Turawa, suna rauni sosai ga 'yan asalin Afirka. Wannan ma tasirin manufa ne, domin hukumomi ne suka zaɓi binciken da za su biya. Shirin H3Africa da NIH da Wellcome suka ƙaddamar a 2010 amincewa ce da wannan giɓi.

Cutar sikila ta ƙara fito da abin. A watan Disamban 2023 Amurka ta amince da Casgevy, magani na farko da ke gyara DNA da fasahar CRISPR. Wurin da yake gyarawa, a cikin ƙwayar BCL11A, binciken jinom na 2007 da 2008 ne ya nuna shi, don haka aikin yana da haƙƙin ya ƙidaya wannan a cikin nasarorinsa. Farashinsa dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya, kuma sai an yi wa majiyyaci irin shirin dashen ɓargo. Amurka tana da masu cutar kimanin 100,000, mafi yawan jariran da ake haifa da ita kuwa a Afirka kudu da Sahara da Indiya suke. Duk ma'aunin da bai tambayi wa ya samu ba, zai rubuta wannan a matsayin cikakkiyar nasara.

Kason da Watson ya ware shi ma ya bar alama da ba ta shiga lissafin dala. Nazarin da aka yi da shi ya taimaka wajen share fagen dokar GINA, wadda aka sa wa hannu a watan Mayun 2008 bayan shekara 13 tana kai da komo a majalisa. Ta hana masu inshorar lafiya da masu ɗaukar aiki nuna wa mutum bambanci saboda bayanan gadonsa. Ba ta shafi inshorar rai ba, kuma wannan rami yana nan.

Abin da ya sa awon ya yiwu

Matsalar tsohuwa ce. Tun 1958, lokacin da Zvi Griliches ya lissafa ribar binciken masarar aure a Amurka ya sami adadi mai girma, shi da kansa ya san cewa ya zaɓi binciken da ya yi nasara ne, kuma ba za a auna dukkan bincike da gwarzonsa ba. Jinom ma gwarzo ne. Ko da 141 gaskiya ce, ba ta gaya wa kowa abin da dala ta gaba za ta haifar idan aka zuba ta a wani babban aiki. A 2005 John Marburger, mai ba shugaban Amurka shawara kan kimiyya, ya fito fili ya ce masu tsara manufofin kimiyya ba su da ingantattun ma'aunai, ya nemi a gina ilimin da zai nazarci manufofin kansu. Daga nan hukumar NSF, mai ba da tallafin binciken kimiyya ta gwamnatin Amurka, ta buɗe shirin tallafa wa irin wannan nazari, kuma a 2010 aka ƙaddamar da STAR METRICS, wanda Julia Lane ta taka babbar rawa wajen kafa shi, don a riƙa ɗibar bayanai kai tsaye daga littattafan kuɗin jami'o'i: wa aka biya da tallafin, me aka saya, ina ɗaliban suka tafi bayan sun gama. Aiki ne mai cin lokaci, kuma matakinsa na farko ma ƙidayar guraben aiki ya fi mayar da hankali a kai.

Williams ta iya yin nata awon ne saboda wasu sun riga sun yi wannan aiki mai gajiyarwa ba da niyyar awo ba. Kowane jerin haruffa da ya shiga GenBank, wato rumbun bayanan nan na kowa da kowa, yana ɗauke da ranar shigarsa. Kowace ƙwaya tana da lambarta da ake bin ta da ita daga rumbu zuwa rumbu. OMIM da GeneTests suna da tarihi mai kwanan wata. Da babu waɗannan, da kwatancen bai yiwu ba, komai ƙwarewar mai lissafi. Saboda haka hukumar da ke son ta san amfanin kuɗinta nan da shekara ashirin, yau ne za ta tanadi hakan: ta ajiye bayanan waɗanda ta ba tallafi da waɗanda ta hana da ɗan ƙaramin tazara, don su ne za su zama abin kwatance, ta rubuta wa ya shiga bincike da wa aka bari, ta kuma bar masu nazari na waje su duba, ko da sakamakon ba zai yi mata daɗi ba.

Ita NIH ta ci gaba a kan hanyar Bermuda. A 2014 ta fitar da ƙa'idar raba bayanan jinom ga duk binciken da take biya, kuma daga 25 ga Janairun 2023 ta faɗaɗa abin: duk mai neman tallafinta don binciken da zai samar da bayanan kimiyya sai ya haɗa da tsarin yadda zai adana su ya kuma raba su. Masu bincike da dama suna kukan ƙarin aiki da tsadar da wannan ke ɗora musu, kuma kukan yana da tushe. Ko ribar ta fi wahalar, tambaya ce da ake iya amsawa da irin hanyar da aka bi kan ƙwayoyin Celera, tunda akwai tallafin da aka nema kafin wannan rana da wanda aka nema bayanta.